Filin Tambaya da Amsa: Vesta, Duniyar da Ba Ta Gama Girma Ba

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso wannan fili sun taɓo abu guda, wato duwatsun da ke kewaya rana a tsakanin Mirrihi da Mushtari, a wurin da masana falaki ke kira ɗamarar duwatsu. Maimakon in yi magana a kan dubban ɗaruruwan duwatsun a dunƙule, na ga ya fi amfani in ɗauki ɗaya daga cikinsu, Vesta, in amsa tambayoyin ta kanta, domin ita ce wadda ilimin ɗan Adam ya fi kamawa a hannu.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare. Na ji ana cewa duwatsun da ke tsakanin Mirrihi da Mushtari ɓaraguzan wata duniya ce da ta fashe. Shin haka ne? Kuma wa ya fara ganin su?

AMSA: Ɗana, wannan magana da ka ji tsohuwa ce, ta haura shekara 200, kuma wanda ya fara kawo ta shi ne mutumin da ya gano Vesta. Bari in faro maka daga tushe.

A ƙarshen ƙarni na 18 masana falaki na Turai sun lura cewa tazarar da ke tsakanin duniyoyi da rana tana bin wani tsari na lissafi, amma akwai giɓi mai faɗi tsakanin Mirrihi da Mushtari inda ya kamata a ce akwai duniya, ba a kuwa ga komai ba. Da William Herschel ya gano duniyar Yuranus a 1781, aka kuma tarar tana kusa da inda tsarin ya nuna, sai zato ya ƙara ƙarfi cewa lalle akwai wata ɓoyayyiyar duniya a giɓin nan. A 1800 wasu masana suka taru a garin Lilienthal na ƙasar Jamus suka raba sararin sama a tsakaninsu domin su neme ta. Kafin su yi nisa, a daren 1 ga Janairun 1801, Giuseppe Piazzi ya hango wani ɗan haske daga Palermo a tsibirin Sisili, wanda yake sauya wuri daga dare zuwa dare. Shi ne aka raɗa wa suna Ceres. Piazzi ya bi ta na makonni kaɗan kawai, sai hasken rana ya rufe ta, kuma da ba don wani matashin masanin lissafi mai shekara 24, Carl Friedrich Gauss, ya ƙirƙiro hanyar fitar da falakinta, wato hanyar da take bi tana kewaya rana, daga 'yan awon da aka samu ba, da an daɗe ba a sake ganin ta ba. A Disambar shekarar aka same ta a inda lissafinsa ya ce za ta kasance.

Nan ne Heinrich Olbers ya shigo labarin. Likita ne a birnin Bremen, yana duba marasa lafiya da rana, da dare kuma ya hau saman gidansa inda ya kafa madubin hangen nesa. A Maris na 1802, yana cikin bibiyar Ceres, sai ya ci karo da wata ta biyu, Pallas. Abin ya ɗaure wa masana kai, domin duniya ɗaya suke nema, ga shi sun sami ƙanana biyu a wuri guda. Olbers ya ce mai yiwuwa ne babbar duniya ce ta tarwatse, waɗannan kuma gutsattsarinta ne. Ya ƙara da wani tunani mai kyau: idan daga wuri ɗaya suka fashe, to dole hanyoyinsu su riƙa haɗuwa a wasu wurare biyu na sama da ke fuskantar juna, saboda haka mai neman sauran gutsattsarin ya tsare waɗannan wurare. Karl Harding ya gano ta uku, Juno, a 1804. Shi kuwa Olbers ya ci gaba da tsaron wuraren nan shekara da shekaru, har ranar 29 ga Maris, 1807, lokacin da ya ga wani haske a burujin Sumbula wanda babu shi a taswirar taurari. Tunda ya riga ya raɗa wa Pallas suna, sai ya bar wa Gauss wannan girma, Gauss kuma ya zaɓi Vesta, sunan abar bautar murhu da gida a wurin Rumawan dā. An ruwaito cewa cikin sa'a goma Gauss ya kammala lissafin falakinta. Ita ce ta huɗu, shi ya sa har yau ake rubuta lamba 4 a gaban sunanta.

Shekara 38 aka yi bayan haka ba a ƙara gano ko ɗaya ba, sai a 1845 da Karl Hencke ya ga Astraea. A tsawon wannan lokaci littattafai suna lissafa Ceres da Pallas da Juno da Vesta a cikin jerin duniyoyi, ko da yake tun 1802 Herschel ya ba da shawarar a kira su astiroyid, ma'ana masu kama da tauraro, domin a madubin wancan zamani ɗigon haske kawai suke, ba su nuna faifai irin na duniyoyi.

To, game da fashewar, amsa ita ce a'a. Hujja ta farko ita ce nauyi: da za a tattara duk abin da ke cikin ɗamarar a curi wuri guda, ba zai wuce kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyin wata ba, wanda bai kai ko kusa da duniya ba. Hujja ta biyu ita ce duwatsun sun sha bamban a sinadaransu ta yadda ba za a ce daga jiki ɗaya suka fito ba. Abin da masana suka tsaya a kai yanzu shi ne cewa kayan gini ne da suka rage, waɗanda ƙarfin jan Mushtari ya hargitsa tun farko, ya sa suka riƙa karo da juna da gudu mai tsanani, suna farfashewa maimakon su manne su girma. Abin da ke burge ni a tarihin Olbers shi ne cewa dalilin da ya sa shi tsaron wancan yanki na sama kuskure ne, amma haƙurinsa na shekara biyar da sanin da ya yi wa taurarin wurin ɗaya bayan ɗaya su ne suka sa ya gane baƙo da zarar ya bayyana.

TAMBAYA: Ni malama ce mai koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare. Ina so in yi wa ɗalibaina bayanin yadda Vesta ke kewaya rana da alƙaluma na gaskiya. Kuma sun tambaye ni ko wata rana za ta iya faɗowa kanmu.

AMSA: Malama, alƙaluman Vesta suna da daɗin koyarwa, domin ɗalibi zai iya gwada su da kansa. Matsakaicin nisanta da rana ya kai kilomita miliyan 353, wato ninki 2.36 na nisan Duniya da rana, ta yadda hasken rana da ke iso mu cikin minti takwas da 'yan daƙiƙai yana ɗaukar kusan minti ashirin kafin ya kai gare ta. Falakinta ba cikakkiyar da'ira ba ce, ya ɗan miƙe kaɗan: idan ta matso rana sosai tana kan ninki 2.15, idan ta yi nisa tana kan ninki 2.57. Haka kuma hanyarta ta karkace da kimanin digiri 7 daga shimfiɗar da Duniya ke tafiya a kai. Tana gudun kilomita 19 da ɗoriya a daƙiƙa guda, ƙasa da kilomita 30 da Duniya ke yi, tana kuma gama zagaye ɗaya cikin shekara 3.63, wato kwana 1,325 ko kusa da haka.

Ga aikin da za ki iya ba su a allo. Ƙa'ida ta uku ta Johannes Kepler ta ce idan aka auna nisa da ninkin nisan Duniya, aka auna lokaci da shekara, to nisan da aka ninka da kansa sau uku daidai yake da lokacin da aka ninka da kansa sau biyu. Su ninka 2.36 da 2.36 da 2.36, za su sami 13.1 da ɗan abu. Su ninka 3.63 da 3.63, za su sami 13.2 ba kaɗan. Yaron da ya ga waɗannan lambobi biyu sun haɗu da hannunsa ba zai ƙara ɗaukar lissafin falaki a matsayin tatsuniya ba.

Ranar Vesta gajeriya ce, domin tana juyawa a kan kanta cikin sa'a 5 da minti 20, saurin da ya fi na yawancin manyan duwatsun ɗamarar. Sandar juyawarta a karkace take fiye da ta Duniya kaɗan, saboda haka ita ma tana da yanayoyi na shekara, kuma kowace ƙuryarta, ta arewa da ta kudu, tana shafe dogon lokaci cikin duhu a lokacin hunturunta.

Batun faɗowa kuwa, ki kwantar musu da hankali. Ko a lokacin da ta fi kusa da mu, tazarar da ke tsakani tana kai kilomita miliyan 170, kuma falakinta yana can bayan na Mirrihi, bai taɓa ratsa namu ba. Sai dai akwai wani abu a maƙwabtanta da ya cancanci a sani. A 1866 Daniel Kirkwood ya lura cewa akwai wasu layuka a cikin ɗamarar da kusan babu dutse a cikinsu. Ɗaya daga cikinsu yana kan ninki 2.5. Duk dutsen da matsakaicin nisansa ya faɗa can zai zagaya rana sau uku daidai a lokacin da Mushtari ke zagaye ɗaya na kusan shekara 12, don haka Mushtari zai riƙa fizgar sa a wuri guda, a kai a kai, kamar mai tura lilo a kan ƙa'ida, har falakinsa ya miƙe ya fice daga ɗamarar. Matsakaicin nisan Vesta bai kai can ba, saboda haka ba ta cikin wannan layi. Amma ƙananan gutsattsarinta sukan gangara can sannu a hankali cikin miliyoyin shekaru, kuma ta wannan ƙofa ce wasunsu ke isowa Duniya, kamar yadda za ki gani a amsa ta ƙarshe.

Wani abu kuma da ya kamata a gyara wa yara shi ne hoton da suke da shi na ɗamarar a matsayin cunkoson duwatsu masu gogar juna. Wurin yana da faɗi ƙwarai, har tazarar da ke tsakanin dutse da dutse takan kai dubban ɗaruruwan kilomita, kuma kumbuna da dama sun ratsa ta ba tare da sun yi karo da komai ba.

TAMBAYA: Shin mutum zai iya ganin Vesta ba tare da na'ura ba?

AMSA: Zai iya, Malam, amma da sharaɗi. Vesta ce mafi haske a duk duwatsun ɗamarar, ta fi Ceres haske duk da cewa Ceres ta kusa ninka ta a faɗi, saboda ta fi kusa da mu, kuma fuskarta tana mayar da kimanin kashi 42 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, alhali ta Ceres ba ta mayar da ko kashi 10. Bayan kowane wata 16 zuwa 17 Duniya takan shiga tsakaninta da rana, kuma a irin wannan lokaci ne take kaiwa ƙololuwar haskenta. Idan hakan ya dace da lokacin da take kusa da rana, mai lafiyar ido zai gan ta kamar dusasshen tauraro a daren da babu farin wata, nesa da fitilun gari. A sauran lokuta ƙaramin madubin hangen nesa na hannu ya wadatar. Wahalar tana wajen bambance ta da taurarin da ke kewaye da ita, kuma maganin wannan shi ne abin da Olbers ya yi: ka zana taurarin wurin a takarda, ka dawo bayan dare biyu ko uku, wanda ya gusa shi ne ita.

TAMBAYA: Na karanta cewa akwai guntayen Vesta a ɗakunan bincike a nan Duniya, alhali babu kumbon da ya taɓa sauka a kanta. Yaya aka yi aka san daga can suke, kuma mene ne ainihin siffarta?

AMSA: Malam, wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗinta, domin amsarta ta ɗauki masana fiye da shekara 40 suna haɗa ta gaɓa bayan gaɓa.

Faɗin Vesta a matsakaici kilomita 525 ne, wanda ya sa ta zo ta biyu bayan Ceres mai kilomita 940, ta kuma ɗan ɗara Pallas. Ba mulmulalliya ba ce sarai: a ƙugunta ta kai kilomita 573, amma daga ƙuryar arewa zuwa ta kudu kilomita 446 ce kawai. Ita kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin ɗamarar baki ɗaya. Ƙarfin janta kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin arba'in na namu ba, ta yadda mai nauyin kilo 70 zai ji kansa kamar bai kai kilo biyu ba. Babu iska a kanta, zafinta da tsakar rana bai cika wuce digiri 20 ƙasa da sifiri ba, a ƙuryar da ke cikin hunturu kuma yakan sauka zuwa digiri 190 ƙasa da sifiri.

Tun da daɗewa masana sun san wani rukuni na duwatsun da ke faɗowa daga sama waɗanda ba su yi kama da saura ba. Yawancin duwatsun sama ƙura ce da tsakuwa da suka manne tun farkon tsarin rana, ba su taɓa narkewa ba. Waɗannan kuwa sun narke sun huce, kamar dutsen da ke fitowa daga tsauni mai aman wuta. Kashi uku ne: yukirait, wanda ya daskare a sama ko kusa da sama, dayojinait, mai manyan ƙwayoyi, wanda ya huce a hankali can cikin zurfi, da hawadait, wanda gaurayen su biyun ne da karo ya niƙa. Sun kai kimanin kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na duwatsun da ake ganin faɗowarsu. Ɗaya ya faɗo a Stannern na yankin Morabiya a Mayun 1808, shekara guda bayan Olbers ya ga Vesta, babu kuwa wanda ya kawo a ransa cewa akwai alaƙa. Wani ya faɗo a Tatawin ta ƙasar Tunisiya a 1931, wani a Kapoeta, wadda yanzu take ƙasar Sudan ta Kudu, a 1942.

Gaɓa ta farko ta zo a 1970, lokacin da Thomas McCord da abokan aikinsa suka rarrabe hasken da ke dawowa daga Vesta zuwa launukansa, kamar yadda bakan gizo ke yi. Kowane ma'adini yana haɗiye wasu launuka ya bar wasu, don haka hasken yana ɗauke da shaidar abin da ya taɓa. Shaidar Vesta ta yi daidai da ta waɗannan duwatsu, kuma babu wani babban dutse a ɗamarar da ya nuna irinta. Amma masu shakka sun yi tambaya mai ma'ana: ta yaya guntu zai bar Vesta ya iso nan? A 1993 Richard Binzel da Shui Xu suka gano ƙananan duwatsu masu irin wannan shaida, 'yan kilomita kaɗan a faɗi, a warwatse tun daga kusa da Vesta har zuwa bakin layin nan na Kirkwood, kamar sawun da aka bari a hanya. Bayan 'yan shekaru madubin Hubble, wanda ke kewaya Duniya a sararin samaniya, ya nuna cewa ƙuryar kudun Vesta a lotse take, da wani makeken kwarmi, wato inda aka fasa ta.

Kumbon Dawn na hukumar NASA ta Amurka, wanda sunansa ke nufin alfijir, shi ya je ya tabbatar. An harba shi ranar 27 ga Satumba, 2007, ya shiga kewayen Vesta a Yulin 2011, ya zauna har Satumbar 2012, yana sauka ƙasa ƙasa har zuwa kilomita 210 daga fuskarta, sannan ya wuce Ceres inda ya isa a Maris na 2015. Injinsa yana feso iskar zinon ne da wutar lantarki, turinsa bai fi nauyin fallen takarda a tafin hannu ba, amma yana iya ci gaba da turi na watanni ba tsayawa, kuma da haka ya zama kumbo na farko da ya kewaya jiki biyu daban a bayan Duniya.

Kwarmin kudu, wanda aka raɗa wa suna Rheasilvia, faɗinsa kilomita 505 ne, kusan faɗin Vesta kanta, kuma a tsakiyarsa akwai tsauni da ya tashi kimanin kilomita 22 daga ƙasan kwarmin, fiye da ninki biyu na tsayin Everest. An ƙiyasta shekarunsa da biliyan ɗaya. A ƙarƙashinsa Dawn ya tarar da wani kwarmi da ya girme shi, Veneneia, mai faɗin kusan kilomita 400, wato sau biyu aka daki wuri guda. Karon Rheasilvia ya kwashe kimanin kashi ɗaya cikin 100 na jikin Vesta ya watsa a sarari, abin da ya ishi ya samar da duk ƙananan duwatsun da Binzel ya gani. Girgizar ta tsattsaga ƙugunta da dogayen kwaruruwa masu bin juna, mafi girmansu, Divalia, ya kai kilomita 465 a tsayi. Na'urorin kumbon sun kuma ga ma'adinan kashi ukun nan a shimfiɗe a inda ake tsammani, na zurfi sun fi yawa a cikin kwarmin kudu inda aka tono su. Akwai kuma baƙaƙen tabo masu ɗauke da sinadarin haidurojin, waɗanda wasu duwatsu masu gawayi da danshi suka kawo daga wani wuri suka zubar a kanta.

Shekarun duwatsun nan kashi uku da suka fito daga Vesta sun kai biliyan 4.56, wato Vesta ta narke cikin 'yan miliyoyin shekaru na farkon tsarin rana. Abin da ya narkar da ita wani nau'in alminiyom ne mai lamba 26, wanda ke ruɓewa yana fitar da zafi, rabinsa yana ƙarewa cikin shekara dubu 700 da ɗoriya, don haka jikin da ya haɗu da wuri ne kaɗai ya same shi da yawa. Daga awon Dawn na farko masana sun fitar da cewa ƙarfe ya nitse tsakiyarta ya zama ƙwallo mai faɗin kilomita 220, dutse mai nauyi ya lulluɓe shi, mara nauyi ya taso ya zama ɓawo, tsari irin na Duniya. A 2025 wasu masana a ƙarƙashin Ryan Park suka sake nazarin awon da yadda take tangaɗi a juyawarta, suka ce cikinta ya fi zama bai ɗaya fiye da yadda aka zata, kuma ƙwallon ƙarfen ƙarami ne ƙwarai ko ma babu shi. Bayani biyu suka kawo: ko dai narkewar ta tsaya a rabin hanya, ko kuma Vesta yanki ce da aka fizgo daga jikin wata duniya mai tasowa. Muhawarar tana nan a tsakaninsu.

Guntayenta kuwa ba su daina zuwa ba. Ranar 2 ga Yuni, 2018, masu sa ido a jihar Arizona ta Amurka suka hango wani ɗan ƙaramin dutse yana nufo Duniya, bayan 'yan sa'o'i ya tarwatse a samaniyar Botswana, masu bincike kuma suka bi sahu cikin hamadar Kalahari suka tsinto gutsattsarinsa. Da aka duba ma'adinansu aka kuma bi hanyar da ya biyo da lissafi, duka biyun sun nuna Vesta.